Yadda Ake Gano Bairos Masu Haddasa Amai da Gudawa, da Yadda Ake Bin Sawunsu

A watan Oktoba na 1968, amai da ciwon ciki suka kwantar da kusan rabin ɗalibai da malaman wata makarantar firamare a garin Norwalk na jihar Ohayo a Amurka, cikin kwana biyu kacal. An bincika bayan gidan marasa lafiyar, ba a ga wata bakteriya da za a ɗora wa laifi ba. Amma masu binciken sun yi abu biyu da suka yi rana: sun rubuta wa ya kamu da kuma yaushe, sannan sun adana samfurin. Sai a 1972 wani masani Ba'amurke, Albert Kapikian, ya hango ƙwayar bairos ɗin da ta haddasa ciwon da na'urar hangen ƙananan halittu mai aiki da lantarki. Ita ce yau ake kira norobairos, wadda ake ƙiyasta tana kwantar da mutane kusan miliyan 685 a duniya kowace shekara.

Na fara da wannan labarin ne saboda abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Kayan aikin ɗakin gwaje-gwaje sun canja matuƙa tun daga wancan lokacin, amma har gobe nasarar bincike tana hannun wanda ke wurin a kwana biyu ko uku na farko: ma'aikaciyar jinya, shugaban makarantar kwana, mai kula da gidan tsofaffi, jami'in lafiya na yanki. Idan wannan mutumin bai rubuta sunaye da lokuta ba, bai kuma ɗebi samfur ba, babu na'urar da za ta dawo da abin da ya wuce. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Su wa ake nema?

Iri biyar ne suka fi yawa. Norobairos ba ta zaɓen shekaru, tana kama yaro da babba. Alamu kan bayyana awa 12 zuwa 48 bayan ta shiga jiki, amai ne kan gaba, kuma yawanci mutum kan warware cikin kwana ɗaya zuwa uku. Rotabairos kuwa ta fi addabar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da gudawa tsululu, zazzaɓi da amai na kwana uku zuwa takwas. Ruth Bishop da abokan aikinta ne suka gano ta a 1973 a wani asibitin yara da ke Melbon ta Ostireliya, kuma sunanta ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin ƙafar keke, don haka take kama a na'urar hange. A shekarar 2000 an ƙiyasta ta kashe yara fiye da rabin miliyan, kafin adadin ya sauko zuwa kusan 215,000 a 2013.

Sauran ukun su ne sapobairos, 'yar'uwar norobairos da aka fara ganowa a Sapporo ta Japan a 1977. Astirobairos mai siffar tauraro, wadda ciwonta kan zo da sauƙi. Da adinobairos mai lamba 40 da 41, wadda kan daɗe kafin ta nuna kanta, gudawarta kuma takan kai mako guda ko fiye.

Duk biyar ɗin sun haɗu a abu ɗaya mai muhimmanci: ba su da lulluɓin kitse a jikinsu irin na bairos ɗin mura. Wannan ne ya sa suke jure bushewa da sanyi, suke kwanaki a kan mariƙin ƙofa ko famfo, kuma man goge hannu mai sinadarin alkohol bai cika yi wa norobairos komai ba.

Mataki na farko: rai tukuna, sannan bincike

Kafin takarda da biro, a duba marasa lafiya. Abin da ke kisa a wannan ciwo shi ne ƙarewar ruwan jiki. A fara ba da ruwan gishiri da sukari na ORS nan take, kaɗan-kaɗan ko da ana amai, a ci gaba da shayar da jarirai nono. Yara ƙanana a ƙara musu sinadarin zinc na kwana 10 zuwa 14. Wanda idanunsa suka zurma, ko ya kasa sha, ko ya daina fitsari, ko ya yi laushi ba ya amsa kira da kyau, asibiti ya nufa ba tare da jinkiri ba. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos, don haka raba shi ga kowa ɓarna ce, kuma yana iya ɓata gwajin da za a yi daga baya.

A nan akwai wani ruɗani na harshe da ya kamata a warware. Da an ce "amai da gudawa" sai hankali ya tafi kan kwalara, alhali kwalara bakteriya ce, kuma ba kowane amai da gudawa ne ita ba. Duk da haka, ita ake fara kawarwa. Idan manya suna zawo mai kama da ruwan da aka wanke shinkafa, suna bushewa cikin awoyi, ko an sami mutuwar babba, a sanar da hukumar lafiya a take a matsayin zargin kwalara. Idan akwai jini a bayan gida da zazzaɓi mai zafi, wannan ma ya fi kama da aikin bakteriya. Idan kuma mutane sun fara amai awa ɗaya zuwa shida bayan sun ci abu ɗaya, suka warware kafin washegari, an fi zargin dafin da bakteriya ta zuba a abinci.

Yaushe za a ce ɓarkewa ce? Ƙa'idar aiki mai sauƙi: mutum biyu ko fiye masu alamu iri ɗaya, da wuri ko lokaci ko abinci ya haɗa su, ko kuma adadin da ya zarce abin da aka saba gani a wurin. Wannan na biyun yana buƙatar a san abin da aka saba gani ɗin, shi ya sa wuraren da ke riƙe da rajistar marasa lafiya ta yau da kullum suka fi saurin farga.

Mataki na biyu: a fayyace wa ake ƙirgawa, a buɗe jadawali

A rubuta jimla ɗaya da ke faɗin wanda za a ɗauka ya kamu. Misali: duk mazauni ko ma'aikacin wannan wuri da ya yi amai, ko ya yi zawo sau uku ko fiye cikin awa 24, daga ranar kaza zuwa yau. Dole jimlar ta ƙunshi mutum, wuri da lokaci. Kada a saka abin da ake zargi a cikinta. Idan ka rubuta "wanda ya sha ruwan tanki kuma ya yi zawo", ka riga ka yanke hukunci kafin shari'a, kuma duk lissafin da zai biyo baya zai nuna tankin ne ko da ba shi ba ne.

Sai jadawali, layi ɗaya ga mutum ɗaya. A kowane layi a sa lamba ko suna, shekaru, ɗaki ko aji ko sashe, rana da awar da ciwo ya fara, alamun da aka gani ɗaya bayan ɗaya, ranar da ya warke, ko an kwantar da shi, ko an ɗebi samfur, da abin da ya ci ya sha a kwana ukun da suka gabata. Idan yaro ne, a rubuta ko an ɗiga masa rigakafin rota da kuma yaushe.

Ina jaddada maganar awa. Ciwon da ke bayyana cikin kwana ɗaya ko biyu, rubuta "Talata" kawai bai isa ba, domin tsakanin asubar Talata da darenta akwai tazarar da za ta iya raba wanda ya kawo cutar da wanda aka shafa wa. A tambayi mutane tun abin yana sabo a ransu. Bayan mako guda, kusan babu mai tuna abin da ya ci ranar.

Kada a tsaya kan waɗanda suka kawo kansu. A bi ɗaki-ɗaki, a duba rajistar waɗanda ba su zo aiki ko aji ba, a tambayi masu dafa abinci da masu shara. Ma'aikata sukan ɓoye ciwonsu don tsoron a yanke musu albashi ko a kore su. Wanda ke binciken ya faɗa musu tun farko cewa ba farautar mai laifi ake yi ba, kuma ya tabbata shugabannin wurin sun amince da haka. Jadawalin kuma sirri ne, ba abin liƙawa a allo ba.

Mataki na uku: samfur

Nan ne aka fi yin sakaci, domin aiki ne da ba mai sha'awarsa. Ga yadda ake yi.

A ɗebi bayan gida a cikin awa 48 zuwa 72 da fara ciwo, lokacin da yake ruwa-ruwa kuma ƙwayar take da yawa. A nemi na aƙalla mutum biyar, in an samu goma ya fi. Mara lafiya ya yi a cikin fo mai tsabta ko roba, ba a cikin masai ba, kuma kada fitsari ko ruwa ya gauraya. A ɗebi kamar cokali ɗaya zuwa biyu a zuba a kwalbar samfur mai murfin murɗawa. Ga jariri, ana iya kankaro shi daga ƙunzugu. Amai ma ana karɓa idan babu bayan gida. Auduga mai sanda da ake shafo dubura da ita mafita ce ta ƙarshe, don abin da take ɗaukowa kaɗan ne.

A rubuta lamba, rana da awa a jikin kwalbar, ba a murfi ba, tun kafin a zuba komai. Lambar ta yi daidai da ta jadawali. Samfurin da ba a san na wane ne ba, sunansa shara. Mai ɗiba ya sa safar hannu, ya wanke hannu da sabulu bayan ya cire.

A ajiye a sanyin digiri 4, a firjin da ba a sa abinci ko magani, a aika cikin akwatin sanyi da ƙanƙara, kwalbar a cikin leda mai rufi, ledar a cikin wani mazubi mai ƙarfi. Idan zai daɗe kafin a gwada, a daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili, ko 70 in akwai hali, kuma a guji narkewa da sake daskarewa. Tunda a wannan matakin ba a kawar da zargin bakteriya ba, a raba samfurin biyu: kashi ɗaya a cikin ruwan adana bakteriya na musamman, kashi ɗaya zallansa don neman bairos. A kira ɗakin gwaje-gwajen kafin a aika, su faɗi abin da suke iya yi da yadda suke son a kawo.

Idan ana zargin abinci ko ruwa, a killace ragowar a firji da alama a jiki. Yawanci kafin a tuna da wannan an riga an zubar.

Mataki na huɗu: abin da takarda za ta faɗa kafin sakamako ya dawo

Ɗauki jadawalin ka zana shi. A layin kwance, lokaci, a yanka shi awa shida-shida ko sha biyu-sha biyu. A tsaye, kowane mutum akwati ɗaya a kan lokacin da ciwonsa ya fara. Siffar da za ta fito tana magana. Tudu guda mai tsini da ya tashi ya sauka cikin kwana biyu ko uku yana nuna mutane sun kamu a lokaci ɗaya daga tushe ɗaya, kamar abinci guda. Ƙananan tuddai a jere, tsakaninsu kwana ɗaya ko biyu, suna nuna daga mutum zuwa mutum ake yaɗawa. Shimfiɗaɗɗen tudu da ya ƙi sauka yana nuna tushen yana nan ana ci gaba da sha ko ci daga gare shi, kamar ruwan da ƙazanta ke tsiyaya a ciki. Da norobairos sau da yawa akan ga haɗin biyun farko: babban tudu, sannan 'ya'yansa a baya.

Ka kula da akwati ɗaya ko biyu da ke tsaye su kaɗai kwana ɗaya ko biyu kafin babban tudun. Sau da yawa a nan bakin zaren yake.

Akwai kuma ma'auni huɗu da wani mai bincike mai suna Kaplan da abokan aikinsa suka fitar a 1982, lokacin da gwajin norobairos ke da wuyar samu, kuma har yanzu suna aiki inda ɗakin gwaji ya yi nisa: fiye da rabin marasa lafiyar sun yi amai, matsakaicin lokaci daga kamuwa zuwa bayyanar alamu awa 24 zuwa 48 ne, matsakaicin tsawon ciwon awa 12 zuwa 60 ne, kuma ba a sami bakteriya mai cutarwa a bayan gida ba. Idan huɗun suka cika, kusan tabbas norobairos ce. Idan ba su cika ba, hakan bai wanke ta ba, domin ɓarkewarta da dama ba sa cika su duka.

Mataki na biyar: ɗakin gwaje-gwaje, da yadda ake karanta sakamako

Gwaji iri biyu ne a aikace. Na farko yana neman furotin ɗin jikin ƙwayar, ko dai da ɗan tsinken gwaji mai ba da amsa cikin mintuna, ko da wata hanyar ɗakin gwaji da ake kira ELISA. Ga rotabairos wannan yana da kyau ƙwarai, saboda yaro mai ciwo yana fitar da ita da ɗimbin yawa. Ga norobairos kuwa yana da rauni: yakan kama kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari ne kawai na masu ɗauke da ita. Ma'ana, idan ka gwada mutum shida biyu ko uku suka nuna, ka sami amsa. Idan ka gwada mutum ɗaya bai nuna ba, ba ka sami komai ba.

Na biyu shi ne PCR, wanda ke neman ƙwayar gadon bairos ɗin. Ana fara tsamo ta daga samfur, sannan na'ura ta riƙa ninka wani ɗan yanki nata zagaye bayan zagaye, kowane zagaye adadin ya ninku biyu, har hasken alama ya bayyana. Lambar zagayen da hasken ya bayyana ita ake kira Ct. Ƙaramar lamba, kamar 18, tana nufin ƙwayar tana da yawa tun farko. Babbar lamba, kamar 36, tana nufin ɗan burbushi ne. Tazarar zagaye uku da ɗan ɗori daidai take da ninki goma. Yanzu akwai na'urorin da ke neman cututtuka fiye da 20 a samfur ɗaya cikin kamar awa guda.

Ƙarfin PCR shi ne kuma tarkonsa. Mutum yakan ci gaba da fitar da norobairos mako biyu ko fiye bayan ya warke, masu raunin garkuwar jiki kuma har watanni. Wasu suna ɗauke da ita ba tare da wata alama ba. Jaririn da aka ɗiga wa rigakafin rota kwanan nan zai iya nuna rotabairos, alhali ta rigakafin ce mai rauni. Saboda haka samun ƙwaya a bayan gidan mutum ɗaya bai tabbatar da ita ce ta kwantar da shi ba, musamman in Ct ɗin babba ne ko an sami ƙwayoyi biyu ko uku tare. Abin da ke tabbatar da ɓarkewa shi ne a sami ƙwaya iri ɗaya a samfurin mutum biyu ko fiye, kuma alamu da lokutan da ke jadawali su yi daidai da halinta. Idan sakamako ya ce adinobairos amma kowa ya warke cikin kwana ɗaya da amai zalla, a sake dubawa.

A tambayi ɗakin gwajin ko sun sa ma'aunin tabbatarwa a cikin kowane samfur. Bayan gida yana ɗauke da sinadaran da kan toshe PCR, sai ya ce babu alhali akwai.

Mataki na shida: ta ina ta shigo?

A nan sai an yi magana da waɗanda ba su kamu ba, abin da masu bincike sababbi kan manta. Sanin cewa duk marasa lafiya sun sha ruwa bai nuna komai ba, tunda masu lafiya ma sun sha. Kwatantawa ake yi. A ɗauka mutum 100 ne suka ci abinci a taro ɗaya. Cikin 60 da suka ci ɗanyen ganye, 36 sun kamu, wato kashi 60 cikin ɗari. Cikin 40 da ba su ci ba, 4 ne suka kamu, kashi 10. Haɗarin mai ci ya ninka na wanda bai ci ba sau shida. A yi wannan lissafin ga kowane abinci da abin sha. Wanda ninkin haɗarinsa ya yi kusa da ɗaya ba shi ba ne. Wanda ya yi sama sosai, kuma ya ƙunshi mafi yawan marasa lafiyar, shi ake bi.

Hanyoyin da aka fi sani su ne hannun mai haɗa abincin da ba za a sake dafawa ba, ruwan da ƙazanta ta shiga, kawa da sauran halittun ruwa masu ɓawo da ake ci ɗanye, da 'ya'yan itace da aka daskarar. A 2012 daskararrun sitiroberi da aka shigo da su daga Sin sun kwantar da mutane kusan 11,000 a makarantu da gidajen renon yara na gabashin Jamus, kuma kwatanta abin da aka ci ne ya kai ga gano su. Akwai kuma hanyar da ake rainawa: amai. Idan mutum ya yi amai a ɗaki, feshinsa yana watsuwa a iska ya sauka a kan tebur da abinci, kuma ƙwaya 'yan ƙalilan sun isa su kwantar da mutum. Don haka a tambaya: wa ya yi amai a bainar jama'a, a ina, su wa ke kusa, wa ya goge?

Gano bairos a cikin abinci kansa yana da wuya, don takan kasance kaɗan kuma a warwatse. Rashin ganinta a ragowar abinci bai rushe hujjar lissafi ba. Haka kuma idan mai dafa abinci ya nuna ƙwayar, a duba lokacin da nasa ciwon ya fara kafin a shafa masa kashin kaji. Yana iya zama shi ma ci ya yi ya kamu kamar kowa.

Mataki na bakwai: sanin dangin ƙwayar

Bin sawu na gaskiya, wanda ke haɗa ɓarkewar wannan gari da ta wancan, yana buƙatar karanta jeren gadon ƙwayar. Norobairos masu kama mutane galibi rukuni biyu ne, GI da GII, kowanne da rassa. Reshen GII.4 ne ya mamaye duniya shekaru da dama, yana fito da sabon salo lokaci-lokaci, kamar wanda aka yi wa laƙabi da Sidni a 2012. Ana karanta wuri biyu a jikin gadon, na furotin ɗin ɓawo da na furotin ɗin da ƙwayar ke kwafar kanta da shi, saboda ƙwayoyin kan yi musayar sassa a daidai mahaɗar biyun. Rotabairos kuwa ana sa mata lamba biyu, G da P, kamar G1P[8].

Amfanin a aikace: idan samfuran wurare uku masu nisa da juna suka fito da jere iri ɗaya sak, a nemi kayan abinci ɗaya da aka raba musu. Idan ɓarkewa guda ta fito da nau'o'i da yawa a cakuɗe, an fi zargin gurɓata daga ruwan ƙazanta, domin shi ke tattaro na mutane da yawa. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, tana tara irin waɗannan bayanai a wani rumbu mai suna CaliciNet tun 2009, akwai kuma makamancinsa, NoroNet, da ake gudanarwa daga Holan. Ƙaramin asibiti ba ya buƙatar mallakar na'urar karanta jere. Nasa shi ne ya adana samfuran da suka nuna, ya aika su babban ɗakin gwaji na ƙasa tare da bayanansu.

Ga rotabairos, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin sa ido na duniya a 2008, wanda ya dogara da zaɓaɓɓun asibitoci: duk yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da aka kwantar saboda gudawar ruwa, a ɗebi samfurinsa cikin awa 48 da kwantarwa, a gwada, a rubuta. A 2009 hukumar ta ba da shawarar kowace ƙasa ta sa rigakafin rota a jadawalinta. Irin wannan ƙirga ta wata-wata, mai kama da aikin gajiya, ita ce ke nuna ko rigakafin yana aiki da kuma ko wani nau'i na neman maye gurbin wani.

Mataki na takwas: sauraron magudanar ƙazanta

Mafi yawan masu wannan ciwo ba sa zuwa asibiti, amma kowa yana zagayawa. Shi ya sa gwada ruwan ƙazanta ke ba da hoton al'umma gaba ɗaya. Dabarar tsohuwa ce: tun ƙarshen shekarun 1930 aka gano ƙwayar shan inna a ruwan ƙazanta, kuma ta wannan hanyar aka gano ta a Landan a 2022. Annobar korona ta sa ƙasashe da yawa suka kafa tsarin, yanzu ana amfani da shi wajen norobairos da sauransu.

A zaɓi wuri ɗaya da aka san yawan mutanen da ke zuba a cikinsa, kamar mashigar matatar ruwan ƙazanta ko babbar kwata. A ɗiba a rana ɗaya da lokaci ɗaya kowane mako. Mafi kyau shi ne na'urar da ke ɗiba kaɗan-kaɗan tsawon awa 24. In babu, a ɗebi rabin lita zuwa lita ɗaya da safe. Akwai kuma dabara mai araha da Brendan Moore ya fito da ita a Ingila a 1948 don bin sawun paratayifod, ɗan'uwan taifod: a naɗe ƙyallen bandeji a ɗaura da igiya, a bar shi cikin magudana kwana ɗaya ko biyu yana tace abin da ke wucewa. A ɗakin gwaji sai a tattara ƙwayoyin a ɗan ƙaramin ruwa a yi PCR. Don kada ruwan sama ya ruɗar da lissafi, akan auna wata bairos ta barkono da ke yawan fitowa a bayan gidan mutane, a kwatanta da ita.

Lamba ɗaya daga magudana ba ta da ma'ana, hawa da saukar makonni ake kallo. Ba ta faɗin mutum nawa ne ke ciwo, ba ta faɗin su wane ne, kuma ba ta ganin gidajen da ba su haɗe da magudanar ba. Abin da take bayarwa shi ne gargaɗi, asibitoci da gidajen tsofaffi su shirya.

Mataki na tara: datse yaɗuwa da rufe bincike

Ba a jiran sakamako kafin a fara wannan. Tun ranar farko yake tafiya tare da sauran. A ware marasa lafiya da banɗakinsu in zai yiwu. Wanke hannu da sabulu da ruwa na aƙalla daƙiƙa 20. Mai dafa abinci ko mai jinya da ya kamu kada ya koma aiki sai bayan awa 48 da tsayawar alamu. Wurin amai ko zawo, a kauda mutane, a sa safar hannu da takunkumi, a kwashe da abin da za a yar, a wanke da sabulu, sannan a zuba kulorin. Idan ruwan bilic ɗin mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ne, awo ɗaya a awo 49 na ruwa ya isa goge mariƙai, famfo da tebura; awo ɗaya a awo 9 na ruwa shi ne na wurin da ƙazanta ta zuba. A bar shi aƙalla minti biyar, a haɗa sabo kowace rana, kuma kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki. Zannuwa da tufafi a ɗauke su ba tare da kakkaɓewa ba, a wanke da ruwan zafi.

A ci gaba da cika jadawalin kullum, har da rubuta sifili ranar da ba a sami kowa ba. Idan sababbin akwatuna suna ci gaba da fitowa kwana uku ko huɗu bayan an ɗauki matakai, akwai ƙofar da ba a rufe ba, sai a koma mataki na shida. Ga norobairos, akan ɗauka ɓarkewa ta ƙare idan aka yi kwana uku zuwa huɗu ba sabon kamu; kwana huɗun su ne ninki biyu na mafi tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta bayyana. Ga adinobairos jiran ya fi haka tsawo. A yi sharar ƙarshe da kulorin kafin a buɗe sashen da aka rufe. Sannan a rubuta rahoto na shafi biyu ko uku: adadin waɗanda suka kamu cikin nawa, zanen tuddan, sakamakon gwaji, tushen da ake zargi da ƙarfin hujjarsa, matakan da aka ɗauka da ranakunsu. Kwafi ɗaya ya tafi hukumar lafiya, ɗaya ya zauna a wurin, ragowar samfuran kuma su shiga firiza da lambobinsu a jiki.